Shin mu daina yi wa yara Fulatanci a gida saboda Turanci?

Baban Yara, Gombe:
Assalamu alaikum. Ni da mai ɗakina Fulatanci muke yi a gida, yaranmu kuma sun fi sakewa da Hausa, domin ita suke ji a unguwa da Islamiyya. Yanzu makarantar kuɗin da suke zuwa ta ce mu koma yi musu Turanci zalla, wai yawan harsuna ne ke hana su iya shi. Malamai da iyaye, akwai gaskiya a wannan magana?

Malamar Firamare, Kumo:
Wa alaikumus salam. Malam, ban goyi bayan wannan shawara ba. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a azuzuwan farko na firamare. A gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma yana matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Abin da ke karya yaranmu yana cikin aji ne: cunkoso, rashin littafin karantawa, da malamin da zai cika allo da Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su haddace abin da ba za su iya faɗa da bakinsu ba.

Ɗan Kaltungo:
Malama ta yi gaskiya, amma kada mu raina damuwar makarantar. Wanda bai ci kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ba, da wuya ya samu gurbi a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, komai ƙoƙarinsa a lissafi, kuma JAMB ma ta wajabta shi. A gidanmu ana Tangale, ana Hausa, amma kowane dare sai yaro ya karanta shafi guda na Turanci da ƙarfi a gaban babba.

Dattijo, Bauchi:
Ɗana, a ganina ba Turanci ne ke barazana ga Fulatancin gidanka ba, Hausa ce, duk da cewa da ita nake rubuto maka. Malam Yakubu da ya kafa masarautar Bauchi Bageri ne, amma a yau Gerawa da yawa sunan kawai suka gada, harshen ya kuɓuce wa jikokinsu, kuma ba wai Turanci suka samu a madadinsa ba. Sannan ka tambayi kanka wane irin Turanci za a yi a gidan. Idan uwa ba ta ƙware ba, kurakuranta yaro zai ɗauka, hira kuma ta taƙaita ga "zo" da "tafi".

Baban Yara, Gombe:
Na gode ƙwarai, Baba. Malama, wane irin littafi ya dace da ɗan aji uku wanda har yanzu yake haɗa baƙi da ƙyar?