Wane lagireto zan sa wa injin Golf a motar da muka haɗa?

Ɗan Kaduna: Salam 'yan'uwa, don Allah waɗanda suka taɓa yi a taimaka. Ni da ƙanena muna haɗa wata 'yar mota a gida, bodin na fayif ne a Panteka aka yi mana waldarsa, inji kuma na Golf 3 ne mai 1.8. To gaban motar ya matse, lagireton Golf ɗin ya ƙi shiga saboda faɗi. Wani ya ce in sa na Starlet amma dabul sel, wato mai layi biyu, wai kaurin zai rama faɗin. Haka ne?

Mai Walda: Wa alaikumus salam. Malam kar ka soma. An kawo min irin wannan aikin a gareji, ƙaramin lagireto dabul sel a kan inji 1.8, da safe lafiya lau take tafiya, amma da rana ta take aka shiga go-silo sai ka ga allurar zafi tana hawa tana hawa har ruwa ya fara kuka a ciki. Iskar da ta ratsa layin farko ai ta riga ta ɗau zafi kafin ta isa na biyu, shi ya sa layi biyu ba ya yin aikin lagireto biyu. Yana ƙarawa kam, amma faɗin fuska shi ne magana. Ka yanka gaban motar ka faɗaɗa, tunda fayif ne ba wani abu ba.

Injiniya Zariya: Oga mai walda ya faɗi gaskiya, bari in ƙara lissafi kaɗan. Man da inji ke ƙonawa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke tura mota, kashi ɗaya ya fita ta salansa, ɗayan kuma ruwa ne ke kwashe shi ya kai lagireto. Injin naka 1.8 ne, na Starlet kuwa 1.3 ne, kowanne da nauyin da aka auna masa. Sannan abin da mutane ke mantawa, lagireto da bambancin zafin ruwa da na iska yake aiki. A ce ruwanka yana digiri 90, iskar Jamus, ƙasar Golf ɗin, tana 20, tazara 70 ke nan. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu iska ta kai 43, tazara ta koma 47, ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi tun ba ka tada mota ba. Don haka ni a wurina na Golf ɗin shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka sa, in ka samu wanda ya ɗara shi ma ba laifi muddin tamostat, wato abin da ke tsare ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗuma, na ciki.

Baba Direba: Tamostat kuma? Yaro mu tun zamanin 504 cire shi muke yi mu haɗa fanka dairek, kuma har yau muna kan hanya.

Injiniya Zariya: Allah ya ƙara girma Baba, ba musu nake ba, amma gwada babban lagireto babu tamostat a Jos lokacin hunturu. Na taɓa tuƙa irinta da asuba, allura ko motsi ba ta yi ba, inji ya ƙi ɗumi sai shan mai kawai yake. Tamostat na Golf sai ruwa ya kai wajen digiri 87 yake buɗewa, aikinsa ke nan.

Na Sakkwato: Ni dai tawa matsalar ba girma ba ce ashe. Lagireto ƙato na Hiace na sa amma tana zafi, har na fara zargin gasket. Wani dattijon bakanike ya zo ya ɗauko ledar fiya wata ya riƙe a gaban lagireto yana cewa in tada fanka, sai leda ta yi waje maimakon ta manne. Mai wayarin ya juya wayoyi, fanka tana turo iska gaba tana faɗa da iskar hanya. Bayan an gyara ya sa muka yi wa fankar gida da falle, muka toshe gefe da gefe da robar taya don iska kar ta riƙa zillewa ta gefe, shi ke nan fa. A nan ne motar haɗi take cin mutane, a ta kamfani duk an rufe waɗannan kafofin ba ka ma lura.

Mai Walda: Af, kuma ka tuna lagireton Golf ba shi da murfi a jikinsa, murfin yana kan tankin robar nan mai kama da ƙwallo. Ka ɗaga tankin ya fi komai tsawo, in ya yi ƙasa iska za ta maƙale a kan inji ka yi ta ƙara ruwa a banza. Ruwan burtsatse kuma a bar shi, gishirinsa ke toshe layuka, a sa kulan, ruwan sanyaya inji na kanti.

Ɗan Kaduna: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu muka sake aunawa, faɗin zai shiga in muka yanke fayif biyu na gefe, amma sama yana taɓa bonet sai an ɗan kwantar da shi baya. Oga mai walda, in an kwantar da shi haka fankar ba za ta daki injin ba, ko in nemo siririya irin ta AC in sa ta gaba?