Ina da jikka 250 da labari ɗaya: kyamara zan saya ko in ɗauka da waya?

Mai tambaya, Tawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai gyaran waya ne a nan Tawa. Akwai labarin da ya hana ni sakat: wata mata ce a Adar, mijinta ya tafi ci-rani Abijan ya bar ta da ciki, shekaru suka yi ta shuɗewa, yau ga ɗan ya girma shi ma yana ɗaure kaya. Ina so in mayar da shi gajeren fim na minti 15. Na tara jikka 250. Abokaina sun ce idan ban sayi kyamara ba, ko ta gwanjo ce, babu wanda zai ɗauke ni da daraja. Ban yi makarantar fim ba, finafinan Kano da na Indiya na taso ina kallo. Don Allah ina zan sa kuɗin nan, kuma ta ina mai koyo ke farawa?

Mai ɗaukar sauti, Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bar maganar kyamara tukuna. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma da zarar ya kasa jin abin da matar nan ke cewa, ya tashi. Sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, da ƙafar ɗora waya, da batirin caji, da wurin ajiyar hotuna guda biyu don kowane dare ka kwafe aikin sau biyu. Kafin kowace ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban waya. Da wannan tafin za ka daidaita murya da baki wajen haɗawa. Idan kun gama a ɗaki, kowa ya yi tsit ka naɗi minti ɗaya na shirun wurin, da shi ake cike giɓi. Kuma ka je wurin tun kafin ranar aiki, ka zauna ka saurara: injin niƙa, kabu-kabu, janareton maƙwabta, lokacin kiran salla. Sauran kuɗin na abinci da man babur ne. Ɗan wasa mai jin yunwa ba ya maimaita fitowa.

Malamin lakwal mai ritaya, Tawa:
Ɗana, ranka ya kwanta, a garin masu wannan sana'a kake. Moustapha Alassane a nan Tawa ya zauna shekaru masu yawa, yana da otal, a ciki yake zane da haɗa 'yan tsanarsa na fim har ya rasu a 2015. Makanike ne tun farko. Ya yi Aouré a 1962, kan aure a ƙauyen Zabarmawa, sannan a 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, inda samarin ƙauye suka sa hulunan kaboyi suka addabi mutanensu. Ya ga abin da silimar Amurka ke yi wa yaranmu, sai ya mayar da shi labari.

Amma wanda ya fi kusa da labarinka shi ne Oumarou Ganda. Shi kansa ɗan ci-rani ne, yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan bayan ya dawo daga yaƙin Indocin, Jean Rouch, mai shirya fim ɗan Faransa, ya same shi ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958. Kyamarar Rouch da hannu ake wana ta, ba ta cika rabin minti tana aiki, kuma ba ta ɗaukar murya. Daga baya Ganda ya zauna yana kallon hotunan yana magana a kansu, wannan muryar ce ran fim ɗin. Ya dawo gida ya yi Cabascabo, ya yi Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka bayar da ita. Nijar ce ta fara ɗaukarta. Yana yi mini ciwo yadda yaranmu ke wuce gidan al'adu na Oumarou Ganda a Yamai ba su taɓa ganin fim ɗinsa ko ɗaya ba. Wayar da ke aljihunka ta fi abin da suka riƙe nesa ba kusa ba.

Wata 'yar'uwa, ta yi IFTIC (makarantar koyon aikin jarida da sadarwa ta Yamai):
Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni tambaya gare ni, ɗan'uwa: matar nan tana raye? Idan da gaske akwai ta, ka yi tunani ko ita za ka ɗauka, ba wata ta kwaikwaye ta ba. Nemi fim ɗin Koukan Kourcia na Sani Magori, ɗan Galmi, a jiharku. Kan ci-rani ne, ya tafi da tsohuwar zabiya har Abijan don ta kira mahaifinsa gida da waƙa. Nemi aikin Aïcha Macky ma, ka ga yadda take barin mata su yi shiru a gaban kyamara ba ta katse su. Sai dai wannan hanya tana da nauyi. Dole matar ta san inda hoton zai je, dangin miji su sani, maigari ya sani. Maganar miji da ya daɗe bai aiko ba, ba ƙaramin sirri ba ne a ƙauye. Idan ta ƙi, ka rubuta shi wasa, ka sauya komai har ba mai gane ta.

Mai ɗaukar biki da suna, Yamai:
Ni ban yarda gaba ɗaya da maganar barin kyamara ba. Waya a zafin Afrilu ɗaukar zafi take yi ta tsaya ana tsakiyar aiki. Idan yana da wanda zai ba shi hayar kyamara kwana biyu, ya karɓa. In kuma wayar ce, to a kwance, ba a tsaye ba, ka kulle haske da saiti kada su riƙa rawa, ka sa hoto 25 a daƙiƙa don kada fitilar lantarki ta riƙa ƙiftawa. Ka ɗauka da hantsi ko bayan la'asar. Rana tsaka fuska baƙi ƙirin take fitowa, sai ka sa yaro ya riƙe farin kwali yana mayar da haske.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya, tana raye, gwaggon abokina ce, zan fara zuwa gaishe ta ba tare da waya ba. Saura ɗaya: idan uwa da ɗa suna magana, da waya ɗaya yaya zan ɗauki fuska biyu?

Mai ɗaukar biki da suna:
Idan wasa ne, su yi maganar sau uku: su biyu tare, sannan uwar kaɗai, sannan ɗan. Ka ja layi a ƙasa tsakaninsu, ka tsaya gefe ɗaya, kada ka tsallaka, in ba haka ba wajen haɗawa za ka ga duk gabas suke kallo. Idan kuma gwaggon ce da kanta, ba a ce mata maimaita. Ka tsaya a kan fuskarta, hannuwa da tsakar gida ka ɗauke su daga baya.