Bashi ya sha kaina a Houston, gida da mota za su tsira?

Direban dare: Salama alaikum. Na yi wata biyar ba aiki bayan tiyatar ƙafa, bashin asibiti da na katunan banki suka taru. Lauya ya ce in kai ƙarar karayar arziki kotu, Babi na 7 na dokar Amurka, wanda ake sayar da kadarar da doka ba ta kare ba a yafe sauran bashin. Tsorona gida, da Camry ɗin da nake ɗaukar fasinja da ita, saura biyan wata 14. Ko in mayar da ita sunan ƙanena tukuna?

Baban Hafsa: Malam, kada ka kuskura! Takardun kotu na tambayar duk kadarar da ka sauya wa suna a shekara biyu da suka wuce, jami'in da aka naɗa ya kula da kadarorinka zai iya ƙwato ta. Kuma ba ka buƙatar wannan dabarar. Dokar jiharmu ta Texas tana kare gidan zama har eka 10 a cikin birni, da mota ɗaya ga kowane mai lasisin tuƙi a gidan, muddin ka cika kwana 730 a jihar.

Hajiyar Dallas: Amma kariyar ba ta hana banki. In ka daina biyan kuɗin gida, za su ƙwace. Motar kuma sai ka sake sa hannu cewa za ka ci gaba da biya. Mu Babi na 13 muka yi, wanda ake biyan bashi kaɗan-kaɗan bisa tsarin kotu, don mun tara bashin gida na wata huɗu, aka raba mana shi a shekara biyar.

Direban dare: Hajiya, na gida ban taɓa tsallakewa ba, ko da gari za mu sha. Na gode, zan koma wa lauyan ranar Litinin.