Rabin Icce, Rabin Sefa

Matashi daga ƙungiyar mawaƙan coci, Marwa (Kamaru):
Salama gare ku. Ran Lahadi aka karanta mana Littafin Annabi Ishaya sura 44, kan mai sassaƙa gunki, sai dariya ta kama ni a kan benci. Ga ƙwar huɗu, mai amsa ya amsa.

Ya sare icce da gatarinsa,
Rabi ya hura ya gasa namansa,
Rabi ya sassaƙa, wai shi ne allahnsa,
Mu kam mun wuce shi da wautarsa.

Dattijon ikilisiya, Garwa:
Sannu da ƙoƙari, ɗana. Amma "mun wuce" ɗin nan, ja birki tukuna.

Ni nawa gunkin ba a sassaƙa shi ba,
Sefa ne a adaka, ban gaya wa kowa ba,
Ba daren da na kwanta ban ƙirga shi ba,
Addu'a kuwa sai in barci bai sace ni ba.

Janairun 1994 aka karya darajarsa,
Faran Faransa da hamsin muke sayensa,
Muka wayi gari ɗari ne kuɗinsa,
Adaka na kulle, rabi ya tafi abinsa.

Keken ɗinki nake tara wa, shekara biyu. Na je kanti da kuɗina a ƙulle cikin hula, mai kanti ya dube ni ya ce, Malam, ba ka ji rediyo ba?

Masunci, Lagdo:
Baba, kun sosa min inda ke ƙaiƙayi.

Annabi Habakkuk ya ga mai yi wa taru hadaya,
Na ce wane wawa ne? Ashe ni da shi ɗaya,
Don giwan ruwa na ɗaura wa jirgina laya,
Ina gaban coci da waƙa, ita tana can baya.

Mai ɗakina ce ta farke ta da wuƙar gyaran kifi. Tsumma ne da ƙayar karfasa. Jaka biyar na ba boka, ga ƙaya kuwa kullum muna sharewa a tsakar gida!

Uwa daga zumuntar mata, Njamena:
Ku maza naku mai sauƙi ne, ana iya jefa shi a ruwa. Ga nawa.

Ɗana na Duwala, shi ke riƙe da gidana,
Da asuba waya ce farkon shiga hannuna,
In saƙon kuɗi bai shigo ba, zazzaɓi a jikina,
Annabi Irmiya ya hana dogara ga mutum, har da ɗan cikina?

Matashi, Marwa:
Baba, na janye baitin ƙarshe. Amma ku warware min:

In kuɗi gunki ne, taru ma gunki,
Ɗa mai biyayya ma ya zama gunki,
To mu naɗe hannu mu daina aiki?

Dattijo, Garwa:
A'a, ɗana. Duba 2 Sarakuna 18.

Macijin tagulla Musa ne ya ƙera,
Da umarnin Allah, ba son rai ya tsara,
Wanda maciji ya sara, ya duba ya warke sara,
Da jikoki suka zo sai ƙona masa turare aka fara.

Sarki Hezekiya ya farfasa shi,
Ba don tun asali mugun abu ne shi,
Kyautar ce ta hau kujerar Mai ba da shi.

Ƙanwata ta Njamena, ban ce ki farfasa yaron ba fa. Sauke shi kawai daga kujerar, nauyinta ya fi ƙarfin wuyansa.

Masunci, Lagdo:
Ni dai ga taru a cinya ina ɗinki. Ya yage wuri uku, da laya da ba laya.

Uwa, Njamena:
Yaya, kun ba ni dariya da ƙwalla tare.

Wata biyu shiru, na yi ta fushi a raina,
Yau na kira shi, kuɗi bai fito a bakina,
Ashe aiki ya tsaya, kunya ta hana shi kirana,
Muka yi addu'a har katin ya ƙare a wayana.

Gobe zan kai ƙullin kuɓewa busasshiya da yaji tasha, a miƙa masa.