Sauyin Makaɗi Ba Sanarwa: Musayar Baitoci Daga Ikko

Mai Kalangu, Zangon Agege

Assalamu alaikum. Cire mutum daga ƙungiyar kiɗa ba tare da an gaya masa ba ya yi yawa a Legas. Na buɗe da ƙwar huɗu. Mai amsawa ya zo da abin da za a yi aiki da shi.

Bismillahi da shi na fara,
Shi ke ba bawa abin tarawa ya tara,
Makaɗan Ikko ku saurara,
Ga batun da ke ta faruwa.

A cire makaɗi ba sallama,
Ba a kira shi an yi zama,
Ya buɗe WhatsApp da yamma,
An fid da shi ba sanarwa.

Alamunsa uku ne, ku riƙe:
Ranar gwaji ta zam an sake
Ba a gaya ma ba. Anko a yanke
Ba a auna ka wurin ɗinkawa.

Na uku, baƙo wurin gwaji,
Ya kafa waya yana ta ji,
Salon hannunka yake naɗi,
Gurbinka ake shiryawa.

Ciwon abin a nan Legas,
Asabar ake biki, tun takwas
Ka ƙi tayin wasu, ka share tas,
Ka zo tasha mota tai wucewa.

Shugabanni, ku ba mu amsa,
Me ke sa a yar da mutum a ƙasa,
Bayan shekaru yana wasa,
Ba ko kalmar godewa?

Shugaban Ƙungiya, Idi-Araba

Wa alaikumus salam, Yaya. Ga namu ɓangaren.

Yayana na Zango, sannu da ƙoƙari,
Zan faɗi namu a kan tsari,
Shugaba ba ya kora don sharri,
In ba abu ya kai maƙura ba.

Na ɗaya latti: biki ƙarfe biyu,
Sha biyu gwajin sauti zai yiwu,
Tun goma ake so a taru,
Gosulo bai zama uzuri ba.

Daga Agege zuwa Lekki ko Ikoyi,
Ka ba hanya awa uku, ka bar sanyi,
Gadar Third Mainland in ta yi nauyi,
Mai biki ba zai saurare ka ba.

Na biyu, aiki biyu rana guda,
Ka yi rabi a Mushin ka tsere Gbagada,
Ka turo mana yaro ya riƙe kiɗa,
Bai taɓa zama gwaji da mu ba.

Na uku kuɗi, in faɗa a fili,
Hayar bas da man janareto ne dalili,
Mai fiyano ɗaya, a wannan hali,
Bai bar wa makaɗa huɗu gurbi ba.

Abin da ke sa ɓoyo kuwa tsoro ne,
Ka ba da notis, aiki a gaba ne,
Wani zai janye ran da biki ne,
Ya bar ka ba ka sami madadi ba.

Ko ya kwashi lambobin masu biki,
Ya bi su a ɓoye ya karya kuɗin aiki,
Wannan ne tsoron da ke ciki,
Ban ce ɓoyon ya yi kyau ba.

Mai Fiyano, Obalende

Oga na Idi-Araba, na ji bayani,
Sai dai sauyin gaggawa yana da rauni.

Sabon hannu bai san muryar mawaƙi ba,
Bai san inda take hawa ta tsaya ba.

Waƙar da aka saba a sautin F, ya kama ta a G,
Mawaƙi ya yi ta ja, baiti na uku ya gaji.

Taransifos, maɓallin ɗaga sauti ko sauke shi, na nan, dannawa ɗaya ne,
Amma sanin nawa za a sauke, na tsohon ne.

Gudun kiɗa ma tsoho ya san awo,
Sabo ya ƙara goma, amshi ya kasa biyo.

Ga alamun da ba sa cikin takarda:
Ɗaga kafaɗa, sauke makirufo, taku guda.

Nufinsu a sassauta, za a kira mai kari,
Sabo ya ci gaba da duka, suna ya nutse, a rasa alheri.

In dole a sauya, to ga ƙa'ida:
Gwaji uku na awa bibbiyu kafin ya fita kiɗa.

Jerin waƙoƙi a rubuce, kowace da ki ɗinta, wato hawan sautinta,
Da gudunta, da mashigar amshi, da inda ake yanke ta.

Wasan farko tsoho ya zauna kusa da sabo,
Kowa a ba shi lada, kowa da rabo.

Kai kuma ɗan'uwa mai fiyano, ji nan:
Salon da ka gina a Yamaha PSR, guminka ne wannan.

Amon kalangu da ganga da ka naɗa ka jera,
Dare nawa ka yi kana saiti kana gyara?

In fiyanon na Oga ne, kwafe su a filashi,
Biyu: ɗaya a aljihu, ɗaya a gida ka adana shi.

Ran da aka fid da kai ba za a ba ka dama ba,
Sabo zai hau kan aikinka, bai san wahalarsa ba.

Amma kar ka goge na ciki don fushi,
Mai biki bai yi ma komai ba, kar ka cuce shi.

Zabiya, Alaba Rago

Yayyena kun yi batun sauti,
Kun yi na gosulo da na latti,
Ku ba ni fili in sa baiti,
Haƙƙin gumi shi ne zancena.

Akwai shugaban da ke riƙe kuɗi,
Na wasa uku ko huɗu, ba ruɗi,
Wai kar yaro ya gudu ya bar kiɗi,
Ran sauyi sai bashin ya kwana.

Maganinsa littafi da biro,
Gida biyar za ka ja ka jero:
Wurin biki, jingar da aka yanko,
Abin da ka karɓa, saura, da rana.

Daren wasan ka tura masa saƙo,
"Saurana kaza ne," kar ka aiki baƙo,
In ya amsa da "to" ka ɗau hoto,
Shi ne shaidarka ran da za a zauna.

Liƙi ma yanzu ya sauya kama,
Dokar CBN ta 2007 ta hana watsa naira sama,
Wata shida ko tarar dubu 50 ga wanda aka kama,
Aka koma kwano da tiransifa, ku tuna.

Kwanon a ƙirga gaban mutum uku,
Kafin a loda kaya a sallame ku,
Tiransifa asusun wa take shiga? Ku tambayi kanku,
Alat ɗin daren a buɗe a nuna.

Mata 'yan amshi su suka fi shan wannan,
Ta yi aure, ko ciki ya fito, shi ke nan,
A kawo wata a sa mata ankon nan,
Da aka yanka a ladan waccan, ina amana?

'Yar'uwa, in an yanka a ladanki,
Ankon da ɗankwalinsa duk naki,
Kar ki ji kunyar neman haƙƙi,
Ki je da mutum biyu, kuma da rana.

Akawun Lauya, Ikeja

Ni ba makaɗi ba ne, amma takardun irin wannan rigima aikina ne. Na ɗauki ƙwar biyu.

Yaya zabiya ta buɗe ƙofa,
Makaɗi, ga abin da doka ta ba ka.

Dokar Ƙwadago, sashe na 11,
Ta auna notis da daɗewar aikinka.

Wata uku ko ƙasa, kwana ɗaya ne,
Ka haura haka, mako guda ne naka.

Shekara biyu zuwa biyar, mako biyu,
Biyar zuwa sama, wata ne haƙƙinka.

Ana iya gardama ko makaɗi na ciki,
Wasu kan ce ɗan jinga ne irinka.

Don haka kar ka jira gardamar,
Kwafi ma'aunin ka sa a takardarka.

Shafi ɗaya ya isa: ladan kowane wasa,
Kason liƙi, da ran da za a sallame ka,

Notis a kan kowa, shugaba da yaro,
Da jerin kayan da suke mallakarka.

Hannu biyu, shaidu biyu, kwafi biyu,
Ɗaya a gida, hotonta a wayarka.

Alkawarin baki ma alkawari ne,
Wahalarsa ita ce kafa hujjarka.

Saƙon waya kotu tana karɓa,
Dokar Shaida ta 2011 na bayanka.

In an riƙe kuɗi, fara da wasiƙa,
Adadi da wa'adin kwana 14 don biyanka.

In shiru, akwai Citizens' Mediation Centre,
Ta Jihar Legas, tana sasanci ba ta cajin ka.

In sulhu ya ƙi, kotun ƙananan basussuka,
Da aka buɗe a 2018, tana jiran ka.

Har naira miliyan 5 take saurare,
Ba sai da lauya za ka kai ƙararka.

Sai abin da aka naɗa a sutudiyo,
Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ambace ka.

Mai kiɗa da mai amshi suna da haƙƙi,
Ba a naɗa ko a yaɗa sai da yardarka.

In ka sa hannu ka sayar gaba ɗaya,
Kuɗin ranar nan shi ne iyakarka.

In kai ka ƙagi karin da ake hawa,
A rubuta kasonka ranar, ka kai wa MCSN, ƙungiyar kare haƙƙin waƙa, sunanka.

Tsohon Sanƙira, Mile 12

'Ya'yana kun gama da takarda,
To wanda aka riga aka fidda,
Yaya zai yi ya ciyar da gida?
Ga matakai, ɗaya bayan ɗaya.

Ranar farko ka rufe baki,
Ban da Facebook, ban da zagi da raki,
Shugabannin Ikko sun san juna a aiki,
Zagin ɗaya kan toshe hanya.

Rana ta biyu ka je da shaida,
Ka karɓo naka a sito ko a gida,
Rasit da lambar jikin na'ura ka gwada,
Amfilifa, kebul, makirufo, duk kaya.

Wanda ba shi da rasit daga Alaba,
Ya nemo hoton kayan tun ba a raba ba,
Ko mai shagon, in bai manta ba,
Nan gaba ka sa alamar fenti a baya.

Sai ka duba kayan sana'a,
Damshin teku kan saki fata cikin sa'a,
Kar ka fito da ita haka gaban jama'a,
Ta sha hantsi kaɗan, ka ja tsirkiya.

Kar ka kanga ta a wuta ta ƙone,
Ko ka kulle a leda, fumfuna ne,
Fata biyu ta ajiya dole ne,
Da makaɗi biyu, in ɗaya ya karye ga ɗaya.

Ka naɗi bidiyo na minti guda,
Kiɗa uku daban, ba surutu, ba guɗa,
Hannu ya fito, ƙarar janareto kar ta ruɗa,
Ka tura wa masu ɗakin gwaji na haya.

Su da ke Surulere da Mushin,
Su ke fara jin mai neman makaɗin,
Ka bar lamba, ka amsa kiran cike gurbin,
Wasa ɗaya-ɗaya kan zama ƙungiya.

Kar ka tsaya a bikin Hausawa,
Akwai fuji da juju na Yarabawa,
Gangan tasu da kalangu 'yan'uwa,
Sai ka koyi hawa uku na murya.

Lokacin azumi biki na raguwa,
Nan ne na gyara da koyo da sabawa,
Bayan Salla da Disamba aiki na yawa,
Wanda ya shirya za a kira a waya.

Tony Allen, mai gangar Fela Kuti a ƙungiyar Africa 70,
A 1979 ya fita kan batun haƙƙin,
Shi da kansa ya tafi, sai dai salon kiɗin
Ya bi shi Faransa, ya zaga duniya.

Shugaban Ƙungiya, Idi-Araba

Baba na Mile 12, mun gode,
Akawu, sharuɗɗanka zan haɗe,
Notis mako biyu, wata ga wanda ya daɗe,
Amma ba a kan shugaba kaɗai ba.

Makaɗin da ya karɓi kafin alƙalami,
Ya kashe waya ran biki ya bar mu a rami,
Ya maido kuɗin, ya biya na madadi, Malami,
Wannan ba zai jira notis ba.

In kuwa don tsimi aka rage hannu,
A faɗa masa haka, a sallame shi sannu,
Wasan da aka riga aka sa shi, a ba shi rabin samu,
Don bai karɓi aikin wani ranar ba.

Mai Kalangu, Zangon Agege

Ƙanena na yarda, saura guda:
Sifikun da aka yi karo-karo aka haɗa,
Aka yanki ladan kowa har aka tada,
Wanda aka cire, ina nasa wurin rabawa?

Mai Mikisa, Ojo

Baba mai kalangu, kar a raba kayan da kansu,
Sifika da amfilifa an auna su ne da junansu.

Sifiku biyu masu om 8, awon tirjiyar lantarki, in an ɗora su a layi guda,
Om 4 suke zama, haka amfilifar ta yarda.

Ka cire ɗaya ka sa wadda ba a auna ba,
Ko ƙarfi ya ragu, ko koyil ya ƙone ba a gama biki ba.

A yi wa kayan kuɗi a shago uku na Alaba,
Farashin na hannu na yau, ba na ranar saye ba.

A haɗa ukun a raba uku, a cire kuɗin gyara,
Abin da ya rage a kasa shi yadda aka tara.

Wanda ya zuba kashi 10 cikin 100, goma zai ɗauka,
Ko shi aka cire, ko da kansa ya sauka.

In babu kuɗin a dunƙule, a biya shi sau uku,
A rubuta ranakun, shaidu su sa hannu a gabanku.

Kafin a gama biya, duk ran da aka ba da kayan haya,
Kasonsa na nan a ciki, a tura masa ta waya.