Kuɗin asusu sun taru, ta ina za mu fara?

Malam Sani (Sakatare): Assalamu alaikum. Abin da aka tara daga azumi zuwa yau ya kai naira 420,000. Saura mako uku a koma makaranta. Yaran da mai unguwa ya ba mu sunayensu 23 ne, 9 daga ciki marayu. A kawo shawara.

Alhaji Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Ni a ganina a zaɓi uku masu ƙoƙari a kai su makarantar kuɗi, a san an yi abin a zo a gani.

Malama Hadiza: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma zango na biyu fa wa zai biya? Makarantar kuɗi ba biya ɗaya ba ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBE) ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma dole, Kano ma ta sake shelanta haka a 2019. Ni da nake cikin aji kullum, abin da nake gani yana korar yaro ƙanana ne: yunifom, takalmi, littafin rubutu, da fitowa ba karin kumallo. Bara wani yaro ɗan aji huɗu ya yi mako biyu bai zo ba. Da na bi sawu har gida, ashe wandonsa ne ya yage ta baya, yara suka sa shi gaba da dariya. Uwar ta ɗinke da zare da allura, ya sake ɓarkewa, shi ke nan ya ce ba zai koma ba. Yaron da yake zuwa na biyu a ajina.

Bala Tela: In dai yunifom ne kada a sayi ɗinkakke. A shiga Kantin Kwari a ɗauko yadi bandir guda, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗinki na ɗauka, kuɗin zare da maɓalli kawai za a ba ni. Zan bar kalmasa mai yawa a ƙafa, in yaro ya yi tsayi a warware.

Malama Hadiza: Allah ya saka da alheri Malam Bala. A haɗa da hijabai.

Hajiya Umma: Duk kun yi magana, amma ba wanda ya taɓo talla. Yarinyar da take ɗaukar farantin awara da safe, da ribar nan ake cefane, da ita uwar take zubin adashen kayan ɗaki. Ka ɗinka mata yunifom goma, in ba ka toshe wannan ramin ba ranar Litinin za ka gan ta a bakin tasha. A ware wa iyaye mata huɗu ko biyar ɗan jari su riƙa sana'a a cikin gida, da sharaɗin yarinya ba ta fashi. Sannan manyan 'yan matan a saya musu audugar mata. Maza ku yi haƙuri, amma rashinta na sa yarinya ta zauna gida kwana huɗu duk wata.

Abba: Mama Hajiya gaskiya ne. Kuma akwai shirin AGILE na Bankin Duniya, na karatun 'yan mata, Kano na ciki. A tambayi shugabar makarantar ko suna ciki, kada mu kashe kuɗi inda wani ya riga ya biya.

Alhaji Ɗanlami: To na janye tawa. Amma abu ɗaya: kada a danƙa wa kowa kuɗi a hannu. Na taɓa ba kawun wani yaro kuɗin NECO, sai ana gobe jarrabawa yaron ya zo min yana kuka, ba sunansa. A biya makaranta kai tsaye, a karɓo rasit.

Ustaz Kabiru: Sakatare, a cikin kuɗin nan akwai zakka? In akwai a ware ta daban. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta faɗi masu cin ta, a mallaka wa yaron ko waliyyinsa, ba a gyara benci da ita. Kuma don Allah ban da jera marayu a ɗauki hoto a sa a Facebook.

Malam Sani (Sakatare): Akwai 60,000 ta mutum biyu, zan ware. Wa zai raka ni Kwari ranar Asabar?

Abba: Ni, Baba Sani. Zan zo da mashin.

Bala Tela: A turo min yaran gobe bayan la'asar in gwada su. Matan su fara zuwa, kada magariba ta yi musu a hanya.