Sayen tufa, hula da keke a Kanon 1920

Wata ƙanwarmu mai rubuta wasan kwaikwayo ta tambayi yadda ake sayayya a Kano wajen 1920, ga abin da muka tsinta daga tattaunawar.

Aka ce mata kada ta haɗa kasuwa da kanti. Mai neman saƙi ko baƙin rawanin Kura, Kurmi zai nufa, ya bi ta hannun dillali, a yi ciniki har a kai ga "sallama". Akoko da sauran yadin Manchesta kuwa sun ƙaru ne bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, ana samunsu a kantunan Turawa irin su John Holt da na Kwarori, a bayan ganuwa. Riga ɗinka ta ake yi, aikin allurarta kan ci makonni.

Hula kuwa, jar dara ta Larabawa ce, daga Tarabulus.

Kan keke aka fi ja-in-ja. Ni ina tare da masu cewa kada ta ɗora talaka a kan keken Raleigh. Ta bar wa akawu ko attajiri. Kuɗi kuma sule da kwabo da anini ne, kuɗin wuri na ja da baya.